Tantabarun Ɗakin Shaida

Ranar da aka sace tantabarun Baba, shiru ne ya tashe ni daga barci. Kullum kukansu nake fara ji kafin in buɗe ido, da takun ƙafafunsu a kan kwano kamar ana zuba tsakuwa a hankali. Ran nan babu ko ɗaya. Na daɗe a kwance ina kallon rufi, ina tsammanin ko ban gama farkawa ba ne.

Da na fito na tarar da Baba tsaye a tsakar gida, ya dafa tsani. Ɗakin katakon da ya kafa musu a saman kicin an ɓalle masa ƙofa, ragar tana lilo, gashi ya watsu har cikin bahon wanki. Shi ba ya ganin wannan duka. Ya tambaye ni ko ƙofar a buɗe take, na ce a buɗe take. Ya gyaɗa kai, ya lallaɓa bango ya koma ɗaki.

Baba direban bas ne shekara da shekaru, har idonsa ya soma yin hazo, kamfani ya karɓi makullinsa. Yanzu haske da duhu kawai yake rabewa. Tantabarun nan su ne fitar da ta rage masa. Idan na buɗe musu da safe suka tashi, sai ya zauna a kujerarsa ta roba ya ɗaga kai sama, yana faɗa mini inda suke. Yanzu suna kan shataletale. Yanzu sun bi ta gaban asibiti. Ga su a kan gada, za su juyo ta bayan gidan mai. Hanyar bas ɗinsa yake ɗora su a kai. Ni ina ganinsu suna kewaya unguwa kawai, amma ban taɓa faɗa ba. Kuma da ya ce sun iso tasha, sai ka ji saukarsu a kan kwano.

Tun daga ranar bai ƙara zama a kujerar ba. Goggo, yayarsa da ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyata, ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ce ƙato da kai ka kwanta saboda tsuntsaye, mutane za su ce mata ce ta gudu ta bar ka.  Abinci ma sai an kai masa, ya ɗan taɓa ya ture. Ya juya fuska bango, ya bar mu da bayansa.

Ba a jima ba aka kama wanda ya yi. Ya kai su kasuwar tsuntsaye, wani dillali ya gane su. Baba yakan yanko ƙananan zobba daga shuɗiyar robar tsohuwar wayar mota ya zura wa kowace a ƙafa tun tana ƙarama, kuma duk mai harkar tantabara a garin ya san na direba ne masu shuɗin zobe. Kafin a kama shi ya riga ya sayar da kaɗan. Sauran aka wuce da su ofishin 'yan sanda tare da shi.

Ni da Goggo muka je, da buhun da za mu zubo su. Ita ta yi magana, don ni in na ga kaki harshena nauyi yake yi. Sajan ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce tantabarun namu ne, babu musu, amma yanzu kayan shaida ne, ba za su bar ofishin ba sai kotu ta yanke hukunci.

"Shaida?" in ji Goggo. "Rantsuwa za su yi a gaban alƙali, ko hannu za su ɗaga?"

Sajan bai yi dariya ba. Ya ce haka doka take. Ta tambayi wa zai riƙa ba su abinci, ya ce gwamnati ba ta ware kuɗin hatsi ba, in muna son su rayu mu kawo. Goggo ta dubi gwiwoyinta masu ciwo, sannan ta dube ni. Aikina na ƙulla burodi a leda sai da rana yake farawa, safiyata a sake take. Haka tafiyar ta faɗo kaina.

Ɗakin kayan shaida yana can bayan ofishin, an wuce famfo da wata mota da ta zauna a kan duwatsu. Mai kula da shi wani kofur ne da furfura ta cinye masa gefen kai, makullai a ƙugunsa suna ba da labarin zuwansa tun daga nesa. Ranar farko da ya tura ƙofar na tsaya a bakin ban shiga ba. Dogon ɗaki ne mai taga ɗaya tak can sama, gilashinta ya fashe. Hasken da ke shigowa ta nan yana saukowa a karkace, ƙura na iyo a cikinsa ba ta sauka. Babura sun jingina da juna kamar masu gyangyaɗi. Ga katifu a naɗe, ga fankoki fuskarsu na kallon rufi, ga tukwanen gas, ga agogunan bango kowanne ya tsaya a lokacinsa daban. Kowane abu da 'yar takarda ɗaure a wuyansa. Sai na ji kamar na shigo gidan da kowa ya fita ya bar kayansa suna sauraron takunsa.

Tantabarun suna ƙuryar ɗakin cikin keji, an ɗaura masa tasa takardar. Na durƙusa na zura hannu na ɗauko Kwandasta, wani ƙaton namiji mai yawan surutu wanda Baba ya fi so. Da na buɗe fiffikensa sai na ga abin da aka yi musu. Ɓarawon ya fige musu dogayen gashin fiffike duka, don kada su gudu daga hannun mai saye. Ba wadda za ta iya tashi ko kan tebur.

Da na dawo gida na zauna a bakin gadon Baba na ba bayansa labari. Abu ɗaya ya tambaya, ko suna ci. Na ce suna ci. Kullum tambayar ke nan, kullum amsar ke nan.

Ba ni kaɗai ke zuwa ɗakin ba. Ashe mutane na ziyartar kayansu kamar yadda ake dubiya a asibiti. Akwai wata mata mai fara'a da ke zuwa da tsumma ta goge firjinta, ta buɗe shi ya sha iska, ta rufe, ta ɗan dafa shi kafin ta tafi. Akwai wani saurayi da aka sace wa babur, aka samo babur ɗin amma shari'ar ta ƙi ƙarewa. Yakan zo ya matsa tayoyin da yatsa, ya girgiza kai. A can ba a kiran kowa sai da abin da ya rasa. Mai Firji, Mai Babur, Mai Janareta. Ni ce Mai Tantabaru. Kofur yakan ce, Mai Tantabaru, mutanenki sun tashi lafiya, tun asuba suke taro. Ni dai murmushi nake yi in sunkuyar da kai.

Wata safiya muka tarar ɗaya ta mutu a cikin kejin, wata 'yar fara marar hayaniya. Kofur ya shiga damuwa fiye da ni. Ya ce shekarunsa a ɗakin nan kayan shaida bai taɓa mutuwa a hannunsa ba, sai dai ya yi tsatsa. Ya riƙe ta a tafin hannu yana tunanin ko ajiye gawar zai yi ya nuna wa kotu. Mai Firji ta ce ko da wasa kada ya dubi firjinta. A ƙarshe ya rubuta a littafinsa, muka binne ta a gindin famfo. Sannan ya ce matsi ne da duhu ke kashe su, tunda ba sa iya tashi bai ga amfanin keji ba. Ya buɗe musu.

Daga nan ɗakin ya zama nasu. Sukan yi yawo a ƙasa tsakanin kayan mutane, ƙirji a gaba, suna leƙa nan suna leƙa can kamar ma'aikatan da aka turo ƙidaya. In na watsa hatsi na zauna a kan wata tukunyar gas, sai in manta da lokaci. Kukansu ya cika ɗakin, hasken tagar ya matso a hankali har ya taɓa ƙafata. Wani lokaci ina zaune ido biyu sai in ga an buɗe ƙofa, kayan duk sun miƙe suna fita a jere, fankoki a gaba, katifu na birgima a baya, kowanne ya san layin gidansu, tantabarun suna bin su a ƙasa da ƙafa har ƙofarmu. Sai ƙarar makullan Kofur ta dawo da ni.

Shari'ar kuwa sai ɗagewa ake yi. Yau mai gabatar da ƙara ya yi tafiya, gobe motar da za ta kawo wanda ake tuhuma ba mai, jibi mai shari'a tana taro. Mukan zauna a benci ni da Goggo, fanka na juyawa a kasalance, a kira sunaye da yawa, a kira namu, a faɗi wata rana, mu tashi. Damina ta shigo ta same mu a haka. Baba ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

A ɗakin shaida kuma tantabarun suka fara tsintar tsinke. Kwandasta da matarsa suka zaɓi hular kwanon da ke rataye a hannun babur ɗin saurayin nan. Wasu suka shiga durowar wani madubi, wasu bayan talabijin. Da Mai Babur ya leƙa hularsa ya ga ƙwai, ya yi tsaye ya riƙe ƙugu. Ya ce shi an hana shi ɗaukar kayansa, ga wasu sun tare a ciki ba ko kuɗin haya. Amma bai taɓa su ba, har yakan zo da ɓawon burodi a aljihu. Aka ƙyanƙyashe na farko, aka sake yin wasu ƙwan.

Gashin fiffikensu ma ya dawo, ban lura da ranar ba. Ina zaune kawai na ga Kwandasta ya buga fiffike ya hau kan firji, daga nan ya hau taga, ya tsaya a cikin hasken, ya fice. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Na miƙe, na ce shi ke nan, sun tafi gida, yanzu Baba zai ji saukarsu. Kofur ya fito da gudu yana riƙe da hularsa yana kallon sama, yana cewa aikinsa ya tafi. Ba a daɗe ba sai ga su suna shigowa ta tagar, kowacce ta nufi gurbinta. Kofur ya sauke ajiyar zuciya. Ni na ce a raina ai don hatsin yana nan ne, in hatsi ya koma gida za su koma.

Ranar da aka yi shari'ar da gaske, Kofur ya kama kaɗan ya sa a keji ya kawo kotu. Wanda ya yi satar wani dogon saurayi ne mai siririn wuya, idonsa a ƙasa. Aka kira ni in yi bayani. Na tsaya na buɗe baki, muryar ta ƙi fita. Mai shari'a, wata dattijuwa mai tabarau, ta ce in matso kusa da teburinta in faɗa mata ita kaɗai, sauran su yi haƙuri. Na faɗa mata zancen shuɗin zobe, da Baba, da kujerar da ba a zama. Ina magana Kwandasta na ta surutu a cikin keji, har magatakarda ya rufe baki da hannu. Dogon bai wahalar da kowa ba, ya ce shi ya ɗauka. Mai shari'a ta ce a mayar wa mai kaya kayansa. Ta ce ya biya waɗanda ya sayar, kuma ɗakin da ya ɓalla ya je ya gyara shi da hannunsa, in ya ƙi gidan yari na jiransa.

Sai da takardar ta bi ofis-ofis kafin ta iso hannun Kofur. Ranar da ta iso ya toshe tagar da kwali tun da sassafe, muka bi su muna kamawa. Yana duba ƙafar kowacce kafin ya sa a keji. Da muka gama na nufi hular kwano, inda 'yan shila ke ɗago kai suna tsuwa. Kofur ya ce a'a. Takarda ta ce tantabaru masu shuɗin zobe, waɗannan kuwa ba zobe, ba a sace su ba, ba a kawo su ba, a nan aka same su. Ya ce sai ya tambayi Sajan, Sajan ya tambayi na sama da shi, don bai taɓa ganin kayan shaida ya haihu ba. Mai Firji ta ce to 'ya'yan gwamnati ne ke nan, a sa su a albashi. Akwai maganar da ta taso mini har maƙogwaro, amma na haɗiye. Na sa hannu inda ya nuna mini, na ɗauki keji.

Na iso gida na tarar da Dogo, ɓarawon nan, a saman kicin da guduma, Goggo a ƙasa ta kafa kujera tana gadinsa. Tun safe take masa habaici. Ta ce ai ba sai an nuna masa tsani ba, ya san hanya. Ta ce ya ƙara ƙusa a ƙofar, unguwar akwai ɓarayi, ko bai ji labari ba? Shi dai "to, Goggo" kawai yake cewa. Ta ce ba ta haɗa komai da shi ba, kada ya ƙara kiranta Goggo. Duk da haka ta sa na miƙa masa ruwa. Aikin kuwa ya yi kyau, har ya ƙara musu wani faffaɗan katako na sauka a gaban ƙofar.

Kukansu ne ya fito da Baba. Na ga labule ya motsa, sai ga shi yana lallaɓa bango, yana ƙifta ido don hasken da ya manta. Na jawo masa kujerarsa na goge. Na riƙa miƙa masa su ɗaya-ɗaya, yana shafa baya, yana taɓa zoben, yana kiran kowacce da sunanta. Da ya zo kan Kwandasta ya kara shi a kumatunsa ya ce, kai ɗan banza, ka yi ƙiba a hannun hukuma.

Goggo ta ce a sake su mana, unguwa ta san kayanmu sun dawo. Daga saman tsani Dogo ya yi magana ƙasa-ƙasa, ya ce da dai an rufe su tukuna. Goggo ta juya ta ce yau ga ikon Allah, ɓarawo ke koya mana tsaron kaya. Dogo ya koma kan gudumarsa. Baba ya san abin da Dogo ya sani, ya fi shi sani ma, amma ya daɗe bai ji tashinsu ba. Kuma ba wanda ya ba shi labarin hular kwano. Ni kullum tambayar ci nake amsawa. Ya ce mini, "Uwata, buɗe musu."

Suka tashi gaba ɗaya, iskar fiffikensu ta kaɗa shanyar da ke igiya. Baba ya ɗaga kai, fuskarsa ta saki. Ya ce suna kan shataletale. Ya ce sun bi ta gaban asibiti. Ni ina kallonsu, sun kewaya gidan sau ɗaya, sannan suka miƙe suka yi gabas, wajen da ofishin 'yan sanda yake, suna ƙanƙancewa har suka zama kamar baƙin zare a jikin gajimare. Baba ya haye da su gada, ya juyo da su ta bayan gidan mai, ya ce sun iso tasha. Kwano bai yi ƙara ba. Ya ɗan jira. Ya ce wataƙila cunkoso ne a kan gada, ya sake ɗaukar hanyar tun daga farko, a hankali wannan karon.  Dogo ya sauko ya ajiye gudumar ya zame ya fita.

Rana ta bar tsakar gida ta hau bango, Baba na zaune. Can ya juyo inda yake jin numfashina.

"Uwata, me suka baro a can?"

Na faɗa masa duka: fige fiffike, da yawo a ƙasa, da hular Mai Babur, da tagar sama. Na zaci zai tashi ya koma ɗaki, har na ga bayansa a idona. Ya daɗe yana murza gwiwarsa. Sannan ya ce in duba masa takalmansa na fita, in ba Goggo ta bayar da su ba.

Washegari muka fita, hannunsa a kafaɗata. A cikin bas ya zauna kusa da taga yana jin kowace kwana a jikinsa, ya ce wannan direban yana cin kulochi. Da muka isa, Kofur ya tare mu da kunya, kamar shi ya yi laifin. Ya ce jiya yana cire kwalin ke nan sai ga su, kowacce ta wuce gurbinta ko gaisuwa babu. Ya ce a ƙa'ida ba a zama a kan kayan shaida, sannan ya jawo wata kujera mai laushi da takarda a ƙafarta ya zaunar da Baba.

Baba ya buɗe tafin hannu da hatsi, ya yi musu ɗan fiton da ya saba yi. Suka sauko masa, a kafaɗa, a gwiwa, ɗaya a kan hularsa. Hasken tagar ya faɗo a kansa, gashi na yawo a ciki. Ya rufe ido ya zauna haka, mu ma ba wanda ya motsa. Kofur ya riƙe makullansa don kada su yi ƙara.

Da ya buɗe baki sai ya ce manyan sun tafi. Ko an kai su gida an kulle wata da watanni, ranar da aka buɗe nan za su dawo, don a nan suka yi gashi, a nan suka ƙyanƙyashe. "Kotu ta ba ni su," in ji shi, "su ne ba su ba ni kansu ba." Sannan ya ce in kai hannunsa cikin hular. Ya ɗauko ɗan shila ɗaya, ya ɗaga fiffikensa ya shafa ƙarƙashin. Ya ce wannan gashi ya rufe masa hammata, zai iya rayuwa ba uwa, amma bai taɓa hawa tagar nan ba. Wanda bai ga sama daga nan ba, duk inda ya fara ganinta nan ne gidansu. In aka ƙara 'yan kwanaki shi ma ya zama na ofis.

Kofur ya sosa ƙeya. Ya ce ya kai maganar gaban Sajan, Sajan ya ce zai duba, na sama kuma ya tafi kwas. Baba ya mayar da ɗan shilan cikin hular a hankali, ya fara laluben hannun kujera zai tashi. Na san in ya tashi a haka, ɗaki zai koma. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Yallaɓai, ka ce ba sa cikin takarda."

Kofur ya juyo yana neman wanda ya yi maganar, don bai saba jin muryata ba. Ya ce haka ne.

"To in ba sa ciki, ai ba a ba ka ajiyarsu ba."

Ya dube ni, ya dubi littafinsa da ke kan firji. Mai Babur, da ya shigo tun ɗazu ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce shi dai a matsayinsa na mai gidan haya ya ba su notis, yana son hularsa kafin ta zama taki. Kofur ya yi dariya har makullansa suka kaɗa. Ya ce shi yanzu zai je famfo ya wanke fuska, idonsa na masa ƙaiƙayi, kuma in ya dawo ba zai ƙirga abin da ba a rubuta ba. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce manyan fa, ya riga ya sallame su a rubuce, yanzu baƙi ne. Baba ya ce a bar masa su amana, hatsi kuma ya iya saye, tunda yana da albashi. Kofur ya ce dama ya saba da surutunsu.

Muka bi gurbi-gurbi, ni ina ɗaukowa Baba yana shafa hammata. Waɗanda suka isa muka sa a kwali, masu ruwan ɗorawar gashi muka bar wa iyayensu, ya ce mu dawo musu in sun ƙara kwana.

'Yan shilan ba su iya tsintar hatsi ba tukuna, sai an ba su a baki. Aikin yatsu ne, ba na ido ba, don haka Baba ya ce nasa ne. Da sassafe yakan fito ya jiƙa hatsi a kofi, ya ɗora ɗan shila a cinya, ya buɗe masa baki da babban yatsa ya zura, yana taɓa maƙoƙon ya ji ko ya cika. Shi ma a nan yake karyawa, Goggo ta ajiye masa kwano a gefe, ta dawo ta ɗauke shi wayam. In sun ƙoshi sai in hau tsani in jera su a kan katakon da Dogo ya ƙara, su zauna suna kallon unguwa: tankin ruwan maƙwabta, da wayoyin lantarki, da shanyar mutane. Baba ya ce a bar su su kalla iya son ransu, karatu suke yi.

Wata safiya mai sanyin ruwan da aka kwana yi, ɗaya daga cikinsu, wani mai baƙin wuya, ya taka har bakin katakon. Ya buga fiffike ya fasa, ya sake bugawa, sai kawai ya saki katakon. Ya tashi a karkace kamar takardar da iska ta ɗauka, ya haye tankin ruwa, ya ɓace. Goggo ta tsaya da tsintsiya a hannu. Baba ya ji tashin, ya riƙe kofin da hannu biyu. Na kafa ido a gabas har hawaye ya taru mini.

Ta bayanmu ya ɓullo, ta kan rufin ɗakin Baba. Ya nufo katakon da gudun da ya fi ƙarfinsa, ya wuce shi, ya daki igiyar shanya, ya faɗo cikin bahon da Goggo ta jiƙa kaya. Kumfa ta fantsama har ƙafar Baba. Ya ce mene ne, me ya faɗi? Dariya ta hana ni magana, sai Goggo ce ta ce masa sabon direbansa ne ya shigo da mota cikin kogi. Na tsamo shi yana ɗiga, yana tsuwa. Baba ya miƙo hannu biyu ya karɓe shi, ya sa shi cikin rigarsa, ya ce in matsar masa da kujera inda rana take.